Ba Na Sakin Madugu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya yara? Mu nan Ƙofar Kuyambana lafiya lau.

Saƙonka ya iso, wai in sayar da hannun jarina na kamfanin manhajar jigilar kaya, tunda ƙasashe sun tsawwala wa juna haraji, farashinsa ya faɗi. Yaya, ba zan sayar ba! Baba ma dariya ya yi, ya ce zamanin fatake in aka ƙara kuɗin fito, madugu ake nema ya sauya hanya. Manhajar nan aikin madugun take yi, ita ke nemo wa kaya sabuwar hanya.

Na san kuɗin ginina ne ciki. Ka sa ni a addu'a, ka gaida Hajiya. Amma ranar da hanya ta rikice, ba ranar sakin madugu ba ce.

Ƙanenka,
Bello