Tsirkiya Saba'in da Takwas

Zuwa ga Kausar, sanyin idona, inuwata a zafin Doha, ruwan randar da nake marmari tun daga bakin get ɗin da nake gadi har in koma unguwar Najma!

Kin tuna yammacin nan a bakin tekun Corniche, da kiɗa ya taso daga wani jirgin ruwa, kika tsaya cak, iska na wasa da gefen gyalenki? Kika ce sunan abin kanun, kuma duk duniya babu sautin da ke kashe miki jiki kamarsa. Ni kuwa da na ga yadda idanunki suka yi, sai bakina ya riga hankalina, na ce ai na iya. Wallahi na ɗauka ɗan'uwan gurmi ne, mai tsirkiya biyu, irin wanda nake ɗan taɓawa a Gusau!

Ranki ya daɗe, tsirkiya saba'in da takwas! Wa ya aike su? Malam Osman, tsohon da ke koya min, ya ɗora min shi a cinya kamar ƙyauren taga, ya zura min zobban ƙarfe a yatsu biyu. Kaɗawa ɗaya na yi, bawan Allah ya runtse ido ya yi salati. Wata biyu ke nan, kafin in gama saita tsirkiyoyin lokacin darasi ya ƙare.

Ke kuma, muguwa, kin je kin shaida wa Yaya Abdulbaqi wai Juma'a zan zo gaisuwa da kanun ɗina! Anya ba tun ranar kika gano ni ba? Murmushin nan naki na gefen baki bai kwanta min ba. Ina tsoro, Kausar. Dariyar yayanki zan iya shanye ta. Tsorona kada ya ce wanda ya yi ƙarya a kan kiɗa zai yi ta a kan aure, ya hana ni ke. Shi ya sa na fara kawo ƙarar kaina gabanki. Zan faɗa masa gaskiya da bakina, ke dai kada ki bar falon.

Duk da haka ba hannu rabbana zan zo ba. Na haɗa miki rabin waƙa, ko malam bai sani ba. Mu shida ne a ɗaki, kullum da wanda ya dawo aiki yana barci, don haka tawul nake shimfiɗa wa tsirkiyoyin, in yi ta motsa yatsu shiru. Ni kaina ban taɓa jin ta ba. Ranar Juma'a zan cire tawul ɗin, mu ji ta tare. In ta yi daɗi, taki ce. In ta yi muni, ki tuna ke kika jawo.

Naki yau, naki gobe, ko da tsintsiya aka rako ni,
Munzali