Shekaruna Tara da Suka Ɓace a Takardar Sallama

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Sallamar Ma'aikata na kamfanin ƙera motoci inda nake aiki.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ma'aikaci ne a sashen fenti. Sau uku na rubuto wa ofishinka ban ga amsa ba, shi ya sa na kai wannan ga mujallar ƙungiyarmu ta Hausawan Landan. 'Yata za ta juya ta zuwa Turanci ta aiko maka.

Na ɗaya. Tun da gwamnati ta zuba kuɗin haraji ta ceto kamfanin, aka ce za a rufe sashenmu, kuma duk wanda ya yarda ya ajiye aiki za a sallame shi gwargwadon shekarunsa. Ban yi jayayya ba. Ƙirjina ya gaji da warin fenti, ga bas biyu kullum daga Thamesmead. Da takardata ta zo, sai na ga an rubuta shekara shida. Shekarata goma sha biyar a wannan kamfani.

Na biyu. Ga inda taran suka shiga. A shekarata ta tara mahaifina ya rasu a gida. Aka ba ni hutun mako huɗu. Ni ne babba a ɗakinmu, kuma a wurinmu babban ɗa ba ya barin gida kafin sadakar arba'in. Tun kafin in tafi na gaya wa fomanmu, Mista Doyle, cewa zan wuce lokaci. Ya dafa kafaɗata ya ce in je in binne tsohona, wurina na nan. Ban nemi ya rubuta ba. Yadda aka tarbiyyantar da ni, dattijo ya yi maka alkawari ka ce ya sa hannu, ka ƙaryata shi ke nan. Na dawo da lattin kwana goma sha uku, aka ba ni sabon katin aiki, na koma kan aikina. Na ɗauka tsohon katin ne ya lalace. Ashe a ofis an rubuta na bar aiki, an ɗauke ni sabo.

Na uku. Ina rubuta abin da ya faru kowace rana a littafi tun ina makarantar sakandare. Na duba na waccan shekarar, maganar Mista Doyle tana ciki da ranarta. Na san rubutun hannuna ba hujja ba ne a wurinku. Mista Doyle kuma ya rasu bara waccan. Wanda ya rage shi ne Alhaji Isiyaka, mutumin Kumasi, da yake tsaye kusa da mu ranar. Ya ce zai yi shaida duk inda aka kira shi.

Na sha tambayar kaina ko ba sakacina ba ne. Wataƙila shi ne. Na iya karatu, ya kamata in duba lambar katin nan, ban duba ba. Amma a cikin shekara taran da kuka ce ba na nan, ba makon da ba a cire haraji a albashina ba. Da irin wannan kuɗin aka ceto kamfanin, da shi ake sallamar waɗanda muka shiga aiki rana ɗaya da su. Ba na baƙin ciki da rabonsu, sun yi gumi. Wakilin ƙungiyar ƙwadago ya ce doka tana bayanku, ban kuwa musa ba.

Roƙona guda biyu ne. A kira Alhaji Isiyaka a saurare shi. Sannan a ɗauko littattafan albashi na da, a ga ko akwai wani gibi ban da waɗannan kwanaki goma sha uku.

Ranar Juma'ar ƙarshen wata ake rufe sa hannu. Idan ban ji daga gare ka ba, zan je in sa hannu a kan shidan, domin ina da yara uku da kuɗin haya, ba ni da ƙarfin shari'a. Ina so dai ka sani, in ka ga sunana a takardar, ba yarda na yi ba.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya kare ka da iyalinka, Ya sa ka gama aikinka lafiya.

Wassalam.

Naka,
Garba Sule Ringim
Thamesmead