Hoton Shanun da Ban Tura Ba

Laraba da dare, Bagudo

Barci ya ƙi zuwa. Yau na ɗauki hoton da ban taɓa samun irinsa ba: garken shanu na ratsa ruwan da ya cinye gonakin Kaoje. Edita na jiransa don labarin ambaliya.

Da na nuna wa dattijon mai shanun, sai fuskarsa ta canza. Ya ce, “Ɗana, ko ni ba na ƙirga su gaban mutane. Yanzu duk ɓarawo mai waya zai ƙirga, ga kuma tsamiyar da muke kwana gindinta.”

Na yanke tsamiyar daga hoton, na yanke rabin garken, sai labarin ya mutu.

Ga edita yana ta kira, na kasa ɗagawa. Ni hoto ɗaya zan rasa. Shi dattijon fa?