Bakina ya kai Istifanus asibiti a kan sharar hatsi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da ƙanana. Ya gida, ya iyali, ya kasuwa, ya haƙuri da tsadar nan. Admin ka ɓoye sunana, na kuma canza sunayen mutanen da zan ambata, duk da na san 'yan unguwarmu Ƙofar Kwaya layi biyu za su karanta su gane ni. Don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'a, in ta wuce Juma'a ku riƙe abarku.

Da farko ku san wanda ke magana. Ni ne mutumin da tun da aka haife shi bayanshi bai taɓa ƙasa ba sai dai katifa. Injin niƙa gare ni, shi ya sa kowa ke ce mani Mai Inji, kuma ranar da aka kawo injin nan ƙarti suka taru suka kasa sauke shi daga mota, ni na rungumo shi kamar jinjiri na ajiye. Na taɓa daka wa ɓarawo tsawa ya saki akuyar da ke hannunshi, ya koma gida ya kawo wadda ya sata bara. To wannan mutumin ne yau ke rubuto maku a kwance rub da ciki, da hannun hagu, don na daman ya kumbura ya yi kamar burodi, bayana kuwa ko riga ba ya so ta taɓa shi.

Ga yadda abin ya faro. Duk wanda ya san harkar hatsi a garin nan ya san abin da ya zube ƙasa wurin lodi ba na mai kaya ba ne, na mata masu shara ne. Haka muka taso muka tarar. Tsofaffi da zawarawa su zo da tsintsiya da faifai su jira a gefe, in mota ta tashi su share, su sheƙe, su tsince tsakuwa, su tafi da abin da ya samu. 'Yan dako ma sun san da su, wani in ya ga tsohuwa ta daɗe zaune sai ya ɗan girgiza buhu da gangan. Mai kaya yana gani, ba ya cewa komai, don ya san kunya. Matan nan wurina suke kawo niƙa, gero da dawa da masara duk a cakuɗe, tuwon ya fito ba ka san sunanshi ba, amma yana kwantar da yara. Cikinsu akwai Inna Dije, ƙawar mahaifiyata Allah ya jiƙanta, tana riƙe da jikoki marayu, kuma ta goya ni ina ƙarami, har yau tana cewa ni ne sanadin ciwon bayanta.

Sai wani kamfani, ba zan faɗi sunanshi ba, ya karɓi babban siton nan na bakin hanyar fita gari. Da kaka suke bin kasuwannin ƙauye su saye hatsi kaf tun manomi bai gama sauke buhu ba, su kulle, sai damina ta yi tsakiya kuɗin tiya, wato kwanon awon hatsi, ya hau sama sannan su buɗe get, tirela ta kwasa ta yi gaba. Ni a bakin inji nake ganin sakamakon. Matar da ke kawo niƙa a babbar roba ta koma kwanon sha, mai kwanon sha ta koma leda. Duk da haka ana ta haƙuri tunda sharar tana nan. To bana sai suka kawo sabon manaja, ya sa a riƙa shimfiɗa tamfol ƙarƙashin mota, a tattara abin da ya zube a sayar wa masu abincin kaji, ya ce kada ya sake ganin mace da tsintsiya a wurin. Kaji, jama'a. Kaji sun fi Inna Dije galihu.

Ita kuwa ta ce ba ta ji ba. Ta koma tana share abin da iska ta turo waje, bakin kwalta, inda ko katangarsu bai kai ba. Wani mai gadi ya fito ya take faifanta, da ta riƙe mashi ƙafa ya zuba mata dorina a wuya da fuska, ta faɗi ta fasa goshi a gefen kwalbati. Haka ta zo bakin injina jini ya jiƙa mata mayafi, ido ɗaya ya rufe, da ledarta a hannu ba ta saki ba, tana cewa in niƙa mata tukun kafin a kai ta kemis, yara ba su ci komai ba.

Da yamma a majalisa raina a ɓace, sai bakina ya yi abin da ya saba. Na ce gobe zan je in cire get ɗin nan in kawo shi gida a yi mani shanyar kaya a kai, zan ɗaga manajan da hannu ɗaya in tambaye shi ko a garinsu ba a haifi tsofaffi ba, masu gadin kuwa in ɗaure su da dorinarsu kamar itacen girki. Kullum in na yi irin wannan dariya ake yi, wani ya ce Mai Inji kenan, a sha shayi a watse. Ran nan ba wanda ya yi dariya. Istifanus, makaniken da ke gyara mani inji, mutumin Kudancin Kaduna da ke zaune a unguwar Kambarawa tun muna samari, wanda in ya yi magana sau biyu a rana to ya yi surutu, ya ajiye kofinshi ya ce, "To Mai Inji, ƙarfe nawa za mu tafi?" Wallahi na so in ce wasa nake. Amma mutane na kallona, sai na ce da hantsi.

A raina na tsara yadda za a yi. Na ce ai a garin nan babbar riga ke buɗe ƙofa, in suka ga mutum cikin shadda za su ba ni kujera, mu yi magana ta manya, a sasanta, in dawo in ƙara wa labarin gishiri. Sai na fito da rigar ɗaurin auren ɗiyata, wadda aka dafa wa sitati har tana iya tsayuwa ita kaɗai, na kafa hula, na fesa turare. Da muka isa ashe labari ya riga mu, ga matan shara da tsintsiyoyinsu, ga 'yan majalisa, ga wasu ma da ban sani ba. Kuma rigar ta yi aikinta da farko, don manajan da kanshi ya fito bakin get yana ce mani Alhaji, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba.

Na yi mashi bayani da ladabi, na ce wannan al'ada ce ta girme mu duka, ba sata ba ce, kuma abin da ke zuba ko a ido kamfani ba zai ji shi ba. Ya ce shi ma ɗan mutane ne, amma masu kamfani ba a nan suke ba, lissafi suke gani ba tsofaffi ba, kuma duk wata sai sun tambaye shi ina abin da ya zube. Na ce to mai gadin da ya fasa wa tsohuwa kai fa, ya fito ya ba ta haƙuri. Sai ya ce, "Alhaji, duk ƙwayar da ta shigo nan kamfani ya biya kuɗinta, har wadda ta faɗi. In suna son sadaka su je inda ake rabawa." Ya juya zai shiga. Ni kuma jama'a na bayana, kunya ta kama ni, sai na kama ƙarfen get ɗin na jijjiga, ba don komai ba sai don a ji ƙara a ce Mai Inji ya yi wani abu.

Ban san masu gadin suna da yawa haka ba. Ɗaya ya kamo hannun rigar ta baya ya kifa mani ita a ka, wani ya nannaɗe sauran ya ƙulle, cikin ƙiftawar ido na zama buhu. Ba na gani, ba na iya ɗaga hannu, sitati na shiga hancina, suka kayar da ni suka hau da kulki da dorina da takalmi, baya, haƙarƙari, cinya, duk inda suka samu. Ina jin mata na kururuwa, ina jin duwatsu na sauka a kan kwano, wani ya taka mani hannu har na ji ƙashi ya yi magana. Can sai na ji wani nauyi ya faɗo a kaina, dukan ya daina zuwa mani, amma ina jin saukarshi a jikin wani. Istifanus ne ya kwanta a kaina. Da aka samu aka kwance ni, na gan shi a gefe bakinshi ya karkace, haƙora a ƙasa cikin jini, kunne na zubar da jini, ba ya motsi. Matan ma ba su tsira ba, wata an karya mata yatsu, amma su ma sun yi aiki, mai gadin da ya daki Inna Dije sun tare shi a lungu da gindin tsintsiya da dutse har sai da 'yan dako suka janye shi yana rarrafe.

Yanzu Istifanus na asibiti, an ɗaure mashi muƙamuƙi da waya, kunu kaɗai ke wucewa, likita ya ce sai an yi mashi wani aikin in ba haka ba bakin ba zai koma daidai ba, kunnen kuma sai abin da Allah ya yi. Garejinshi a rufe. A gari kuwa labari ya juye, ana cewa na kayar da masu gadi kamar buhunan dusa kafin su yi mani taron dangi, ni kuma gaskiya da aka zo duba ni aka faɗa, ban ce e ba, ban ce a'a ba, na dai yi murmushi.

To murmushin nan ne ya jawo mani abin da nake ciki. Matasan unguwa sun zo sun zauna a zaurena sun ce ran Juma'a in an sauko masallaci za a koma, wannan karon da gora da adda, wasu har suna maganar fetur, kuma ni zan shige gaba ko da a kan kujera za a ɗauke ni. Na ce masu a ƙone hatsi ana yunwa ai hauka ne, suka ce to a fasa siton a raba hatsin. Na ce za a kashe mutane, suka ce Mai Inji kai ne ka koya mana rashin tsoro. Na san in aka je sai an ɗauko gawa, kuma ɗiyan mutane ne, wasu a gabana aka haife su.

Shi kuma manaja ya aiko mani wani dattijo a asirce. Ya ce kamfani zai ɗauki nauyin aikin Istifanus duka, za a riƙa kai wa Inna Dije hatsi gida ita kaɗai, sharaɗi shi ne in tsaya a majalisa in ce mu muka yi kuskure, maganar shara ta mutu, kowa ya kama gabanshi. Na aika aka tambayi Inna Dije, ta ce a gaya mani ita ba ita kaɗai ke da jikoki ba, in aka kawo buhun ƙofarta ba za ta iya haɗa ido da sauran matan ba, gara a mayar masu da tsintsiyarsu su duka. Matata kuma ta ce in karɓa a gyara bakin bawan Allah, tunda ba da maganar Inna Dije za a biya likita ba, kuma ba ni da abin sayarwa sai injin da muke ci da shi.

Jama'a mi zan yi? In karɓi tayin a gyara Istifanus, in rufe wa matan nan ƙofa da bakina har abada? In ƙi, in bar mutumin da ya kwanta a kaina da karkataccen baki? Ta yaya zan tsayar da yaran nan ran Juma'a ba tare da sun ce an saye ni ba, su tafi babu ni? Akwai wanda ya san hanyar da talaka ke bi ya sa kamfani irin wannan ya saurare shi ba da jini ba, ko masu unguwa, ko limamai da fastoci, ko lauya mai tsoron Allah? Wanda ya san wani abu ya rubuta, ina nan kwance ina karantawa.

Kada kuma kowa ya ce in je in tambayi Istifanus ra'ayinshi, na je jiya, an kai ni a Keke Napep ina tsugune don ba na iya zama. Na tarar da matarshi Maman Hannatu tana ɗura mashi kunu da ƙaramin cokali. Na so in ƙarfafa mashi gwiwa, sai na fara cewa ya kwantar da hankalinshi, in na warke manajan nan ko a cikin buhu ya ɓuya sai na zazzage shi. Ba ta ko ɗago kai ba, ta goge mashi haɓa da gefen zane ta ce, "Mai Inji, don Allah bari haka nan. Miji ɗaya gare ni, ga shi nan ka gama da shi. In za ka sake yin wata jarumtar ka nemi aron na wata."