Likkafanin Gwaggo Hassana Yana Ɗakina

Zuwa ga Alhaji Ɗanlami, Shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Nakkasa da Mansur, a birnin Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, ina taya ka murnar nasarar da ɓangarenka ya samu a ƙuri'ar raba-gardama ta watan Rajab. Ni ce Rabi mai waina ta Mansur, wadda ka daɗe kana karyawa a gaban tandarta. Da gangan na zaɓi rubutu, domin na ga abin da ake yi da muryar mutum a guruf ɗinmu na waya. A can zan saka wannan takarda, inda aka saka ni.

Na ɗaya, maganar ƙuri'a. Tambaya guda aka yi mana: a cire marasa iƙama, wato takardar izinin zama, daga ƙungiya, eh ko a'a. Kai kana eh, kuma ban taɓa cewa hujjarka ta banza ba ce. Ana rushe gidajen Nakkasa, bincike ya tsananta, kowa yana tsoron kada kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya juya masa baya. Ni kuwa na miƙe a taro na ce a'a, domin mutanen da ake so a share su ne masu girkin sunanmu da ɗaukar gawarmu. Ka yi dariya ka ce Hajiya Rabi ba a raba ta da magana. Na ɗauka da wannan dariyar muka rabu.

Na biyu, bari in tuna maka Gwaggo Hassana, ko da yake bai kamata a tuna wa mutum ƙanwar mahaifinsa ba. Shekara shida ke nan ka kawo min ita riƙe da hannu. Umara ta zo, ta ƙi komawa, ta ce ita a nan za ta mutu a sallace ta a Harami. Ka ce gidan da kake ciki na kafilinka ne, ba za ka iya ajiye marar takarda ba. Na san abin da ke cikin ɗaukar ta, na ɗauka, saboda kai da saboda Allah. Ita ke tsince min shinkafa, tana kushe min ƙullu wai mu Kanawa ba mu iya waina ba, ta kuma cinye shida a zaune. Dukiyarta ɗaya a duniya: likkafanin da ta wanke da ruwan zamzam ta shanya a saman soro. Kowace Juma'a sai ta fito da shi ta turara, ta ninke, ta mayar ƙarƙashin matashi.

Na uku, muryata. Kai ka roƙe ni in riƙa aiko maka da labarinta ta waya, tunda ba ka son a ga ƙafarka a layinmu. A ɗaya daga cikin saƙonnin na ce maka ka kwantar da hankalinka, Gwaggo ba ta da takarda amma tana ɗakina, ba mai taɓa ta ina numfashi. Kai kaɗai na aika wa. Ana saura kwana huɗu ƙuri'a, sai ga saƙon nan a guruf, daga wata lamba da ba wanda ya sani, haɗe da hoton koriyar ƙofata da rubutu a ƙasa, wai ku ji irin mutanen a'a, su ne za su jawo mana shurɗa, wato 'yan sanda, gida-gida. Kafin azahar ya shiga guruf ɗin mata, ya shiga na direbobi. Ƙanwata ta kira ni daga Kano tana kuka, ita ma an turo mata.

Wanda ya yi wannan ya san mu sarai. Ya san iyayenmu mata ba sa karanta dogon rubutu, murya suke saurara, kuma babu wadda ba ta san muryata ba. Daga ranar aka daina tattauna tambayar da aka yi mana. Ni aka koma tattaunawa. Matan da muka shirya za mu ce a'a suka daina ɗaga wayata, masu sayen waina suka riƙa wucewa ta ɗaya gefen titi. Na kira ka, ka fara ce min wayarka a hannun kowa take yawo. Da na matsa, ka ce in yi haƙuri, kamfe ne, bayan ƙuri'a komai zai wuce. Kai ne mai guruf, Alhaji. Da yatsa ɗaya za ka goge shi, ka bar shi kwana huɗu. Ban ji zafin masu zagina ba kamar yadda na ji zafin shirunka.

Na huɗu, abin da bai wuce ba. Maƙwabciyarmu ta kunna wa Gwaggo saƙon, ba da mugun nufi ba. Gwaggo ta saurara har sau biyu. Ranar ƙuri'a da safe, bayan na fita tanda, ta ɗauki 'yar jakarta ta gangara dutsen unguwarmu da sandarta, ta miƙa kanta ga hukuma. Sallahun da ta bar min shi ne ba za ta zama sanadin korar marainiyarta ba. Ta yi makonni a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, an ɗauki yatsunta, an sa ta a jirgi. Yanzu tana ƙauyenku. Ni da kai mun san a shekarunta ba za ta sake ganin Ka'aba ba. Kun ci ƙuri'a da la'asar, an cika guruf da hotunan fure da hamdala, ni ina zaune a bakin shimfiɗarta.

Cikin saurin fita ta bar likkafanin a ɗakina. Shekaranjiya aka haɗa ni da ita a waya, muryarta ta yi ƙasa ƙwarai. Ba ta ambaci sunanka da sharri ba. Abu ɗaya ta roƙa, a aika mata da shi, ta ce tunda ƙasar Makka ta kuɓuce mata, kada ruwan ma ya kuɓuce.

Saboda haka ga buƙatuna. Ban ce a sake ƙuri'a ba, jama'a sun zaɓa, ko da tsoro ne ya zaɓar musu. Ina so ka shiga guruf ɗin nan da muryarka, yadda tsofaffi za su ji, ka faɗi ko wace ce matar da na ɓoye, da wanda ya kawo min ita. Ina so ƙungiya ta hana saka murya ko ƙofar wani ba da izininsa ba, ko da wace ƙuri'a za a yi nan gaba. Sannan ka zo da ƙafarka ka karɓi likkafanin. Mutum uku masu tafiya gida sun ce in ba su, na hana. Kana da iƙama, Alhaji, kana iya fita ka dawo. Kai za ka kai mata hannu da hannu, ka kuma yi sauri, domin ban san kwana nawa za ta jira ka ba. Layin ba zai ɓace maka ba, ƙofar nan ce koriya, kana da hotonta.

Allah Ya yi maka jagora a shugabancinka, Ya rufa maka asiri fiye da yadda aka rufa mana, Ya sa ka iske ta da rai.

Wassalam.

'Yar'uwarka,
Rabi mai waina, Mansur, Makka.