Kada Greta Ta Je Makaranta Yau

Wiebke,

Na fita tun ƙarfe shida, jarrabawar Jamusancin ƙarfe takwas za a fara a garin Kiel. Na ga kina barci, ban so in tashe ki ba.

Kada ki kai Greta makaranta yau. Ƙwarƙwata ce a kanta.

Jiya da na je ɗaukarta, malamarsu Frau Petersen ta ja ni gefe, ta rage murya ta yi mini magana. A Jamusanci, kalmar ƙwarƙwata da kalmar shiru-shiru kusan ɗaya suke a kunnena, sai na zaci yabon yarinyar take. Na washe baki na ce, "Na gode, ai wajen mamarta ta samo!" Iyaye uku na tsaye a wurin. Sai da muka shiga bas Greta ta ce, "Oyuna, ƙwari ne fa a kaina," tana ta susa.

Ki yi haƙuri, ni mai rainon 'yarki na ba ki kunya ban sani ba.

Na sayo magani a kemis, na wanke mata kai na taje. Zannuwan gado suna cikin injin wanki, ki shanya. Sauran maganin yana banɗaki, ki duba naki kan ma.

In na ci jarrabawar nan, makarantar koyon jinya za ta ɗauke ni. In na faɗi, watan gobe ina garinmu Ulaanbaatar wajen mahaifiyata. Ki yi mini fatan alheri.

Ranar Litinin ke za ki kai ta, don Allah. Ni dai ban shirya haɗa ido da Frau Petersen ba tukuna.

Oyuna