Sabon Tsanin da Ka Aiko wa Baba

Valemount, 19 ga Janairu

Zuwa ga Yayana Wendell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Colette da yara, kuma iskar tekun Halifax ba ta takura muku ba. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali. Mu nan kalau muke. Ƙanƙara ta sauka sosai bana har ta kai tagar kicin. Gwaggo Doreen ta warke daga tarin nan, ta koma surutunta.

Sabon tsanin da ka aiko wa Baba na hawar da babur ɗinsa na tafiya kan ƙanƙara bayan mota ya iso, ya kuma yi murna, ko da yake sai da ya ce kuɗi ne suka yi maka yawa. Ranar Asabar muka fara gwada shi a filin ajiye motoci na gindin dutse, bayan mun sauko. Ka san tsayin dandamalin da ke bayan a-kori-kurarsa, ka kuma san yadda mutane ke tsayawa da kofin shayi suna kallon mai hawa. Baba ya ja baya, ya ba babur wuta, ya hau tsanin tsaf, amma bai saki totur ba sai da ya daki ƙarfen bayan kan motar. Gilashi ya tsage. Abokinsa Gord ya yi ta dariya, wai tsoho so yake ya shiga ta taga ya kunna rediyo. Baba ya ce masa ya rufe baki, wanda ya taɓa sauke nasa babur a kan ƙafarsa ba shi da ta cewa.

Ni dai ban yi dariya ba. Shekara arba'in mutumin nan yana hawa da sauke babur, ko fenti bai taɓa gogewa ba, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ka san ni da bin diddigi. Washegari na sa ya sake hawa a tsakar gida, na tsaya dab da motar ina kallon fuskarsa. Sai na ga bakinsa yana motsi. Ashe ƙirga yake yi, duk ƙarar da ƙafafun babur suka yi a kan matakala, ɗaya. Na shiga gareji na ƙirga matakalan tsohon tsanin, sha ɗaya. Naka tara ne, shi kuwa yana jiran ƙara ta sha ɗaya kafin ya saki totur.

Da muka zauna cin abinci na tambaye shi tun yaushe yake hawa da kunne. Ya daɗe yana juya cokali, sannan ya ce wannan ne sanyi na uku. Wai idonsa na hagu kamar an shafa masa man shanu, ba ya iya gane nisan abu. A kan dutse ba ruwansa, ya san kowace bishiya. Yaya, tsoro ya kama ni ƙwarai, domin da wannan idon yake tuƙa mota a babban titi, ina gefensa ina gyangyaɗi. Na faɗa masa haka, na ce ba zan ɓoye maka ba. Ya ce na cika sa ido, halin uwata na ɗauko.

Na samo masa ganin likitan ido a Prince George ranar sha biyu ga Fabrairu. Ina so ka zo, don ya fi jin maganarka. Ban san abin da za su ce ba, kuma na rasa yadda zan yi da shi idan suka hana shi hawa dutse. Yau da safe da za mu fita, ya tsaya a bakin ƙofa ya zare makullin motar daga zobensa ya miƙo mini. Na babur ɗin kuwa ya jefa cikin aljihun ƙirjinsa ya ja zif.

Ka gaishe mini da Colette, da Tamsin, da Reid mai sabon haƙori. Gwaggo Doreen tana gaishe ku.

Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Roxanne